Mai Bi da Ya Tashi daga Babbar Cuta: Inshorar Rai ta Wurin Aiki da Shawarar Canza Aiki

Wani ɗan'uwa, dattijo a wata ikkilisiya da na taɓa yi wa hidima, ya zo ofishina wata ranar Talata da takardu biyu a hannu. Ɗaya takardar ɗaukar aiki ce daga wani sabon wuri, ɗayar kuwa sakamakon gwaji ne daga asibiti. Shekara huɗu kafin wannan rana an yi masa aikin ciwon daji a hanji, ya sha magani wata da watanni, ikkilisiya ta yi azumi da addu'a, Ubangiji kuma ya tashe shi. Yanzu likita ya ce ba a ga alamar cutar ba, amma ya riƙa zuwa ana duba shi. Sabon aikin ya fi albashi, ya kuma fi kusa da gida. Ya ce mini, "Baba Fasto, maman yara ta ce kada in bar inda nake saboda inshorar rai da suke yi mana. Ni kuwa ina ganin in na tsaya don wannan, kamar na ƙaryata warkarwar da Allah ya yi mini ne. Ka gaya mini gaskiya, rashin bangaskiya ne?"

Muka yi addu'a, na ce ya ba ni mako guda. A makarantar tauhidi an koya mana Helenanci da tarihin ikkilisiya da yadda ake shirya wa'azi, amma ba wanda ya zaunar da mu a kan irin wannan tambaya. Duk da haka wurin fasto ake kawo ta, domin rabinta maganar kuɗi ce, rabinta kuma maganar lamiri. Wannan darasi don ku ne da za a kawo muku ita, ko daga wanda ya tashi daga ciwon daji, ko ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda, ko kuma mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV wanda yake shan maganinsa yana aikinsa lafiya.

Inshora iri biyu

Inshorar rai alkawari ne tsakanin mutum da kamfani: ana biyan kamfanin wani kuɗi a kai a kai, in mutumin ya mutu a cikin lokacin alkawarin, kamfanin ya biya wanda aka rubuta sunansa wani adadi da aka yanka tun farko. In mutum ya je da ƙafarsa ya ce zai sayi inshora ta kansa, kamfanin zai auna shi shi kaɗai. Za a ba shi fom mai tambayoyi a kan shekarunsa, da aikinsa, da cututtukan da ya taɓa yi, wani lokaci a aika shi wurin likita. Wanda ya taɓa yin babbar cuta yakan gamu da ɗaya cikin amsoshi huɗu: a ƙara masa kuɗin da zai riƙa biya, ko a ce an karɓe shi amma ban da mutuwar da tsohuwar cutar ta jawo, ko a ce ya dawo bayan wasu shekaru, ko a ƙi shi gaba ɗaya. Wannan ba mugunta ba ce daga kamfanin. Kuɗin mutane da yawa yake riƙewa, dole ya yi lissafi.

Inshorar rai ta wurin aiki ta sha bamban. A nan mai ba da aiki ne yake sayen inshora ɗaya a kan ma'aikatansa duka, kamfanin inshora kuwa ya auna su a dunƙule, matasa da dattawa, masu lafiya da masu lalura. Yawancin ma'aikata sukan shiga ba tare da an gwada lafiyarsu ba. Akan yanka wani adadi. Wanda kuɗin inshorarsa ya wuce wannan adadi, kamar manyan ma'aikata masu babban albashi, shi ne akan nemi bayanin lafiyarsa. Sau da yawa kuma akwai sharaɗin cewa ma'aikaci yana bakin aikinsa a ranar da inshorar ta fara aiki a kansa, ba yana kwance a asibiti ba.

Ga mai lafiya ƙalau, wannan inshora ɗan ƙari ne a kan albashi, in ya rasa ta zai iya sayen wata. Ga wanda ya taɓa yin babbar cuta, mai yiwuwa ita ce kaɗai inshorar rai da zai taɓa samu da sauƙi. Ga shi kuma a ɗaure take da aikin. Ranar da ya ajiye aiki, ko aka sallame shi, ko ya yi ritaya, ta ƙare. Ba asusu ba ne da ake tara masa wani abu a ciki. In ya bar wurin da ransa, ba kwabo da zai fito da shi. Abin da matar dattijon nan ta gane ke nan, tun kafin ni da mijinta mu gane.

Abin da doka ta tanada a Nijeriya

Dokar Gyaran Fansho ta 2004 ce ta fara wajabta wannan inshora, dokar 2014 da ta maye gurbinta kuma ta riƙe ta a sashe na 4(5). Dokar ta ce mai ba da aiki ya yi wa kowane ma'aikacinsa inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na jimlar abin da yake biyansa a shekara ba. Mai ba da aikin ne yake biyan kuɗin inshorar, ba a cire shi daga albashi. In ya ƙi biya ko ya yi sakaci, sa'an nan ma'aikaci ya mutu a wannan lokaci, nauyin biyan iyalin ya koma kansa. Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, tare da hukumar kula da inshora, NAICOM, su suke fitar da ƙa'idodin aiwatarwa. Tsarin ya shafi ma'aikatan gwamnatin tarayya, da wuraren aiki masu zaman kansu da ke da ma'aikata 15 ko fiye. Ma'aikacin jiha kuwa sai ya bincika, domin kowace jiha da dokarta, ba kuma dukansu suka shiga tsarin ba.

Doka a takarda daban, abin da ake yi daban. Ana sabunta wannan inshora kowace shekara, ƙa'idar inshora a ƙasar nan kuwa ita ce in ba a biya kuɗi ba, babu inshora. Wurin aiki zai iya yin ta bara, bana ya ƙi sabuntawa, ma'aikata ba su sani ba. Akwai kuma wuraren da suke ɗaukar mutum a matsayin ma'aikacin kwantiragi ko na wucin gadi, ko ta hannun wani kamfani mai samo ma'aikata, don su kauce wa irin wannan nauyi. Saboda haka tambayar da ya kamata mai bi ya yi wa sabon wuri ba "Kuna da inshora?" ba ce kawai. Ya tambaya ko za a sa sunansa, daga wace rana, ko sai ya gama watannin gwaji, ya kuma nemi ganin takardar shaidar inshora ta wannan shekara.

Mutanenmu sukan haɗa abubuwa huɗu su kira su da suna ɗaya, sai fasto ya taimaka ya rarrabe su. Fansho kuɗin ma'aikaci ne da ake tarawa a asusunsa, shi yana zuba kashi 8 cikin 100, mai ba da aiki yana zuba kashi 10. Wannan yana binsa duk inda ya koma. Inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta sa a ƙarƙashin hukumar NHIA, kuɗin asibiti take biya, ba ta ba iyali kome bayan mutuwa. Diyyar ma'aikata ta dokar 2010, wadda NSITF take kula da ita, tana aiki ne in rauni ko cuta ko mutuwa ta fito daga aikin kansa. Tsohon ciwon hanji da ya dawo ba ya cikinta. Ta huɗu ita ce inshorar rai da muke magana a kai.

Da dattijon ya dawo, muka ɗauki biro. Zan sa adadin misali a maimakon nasa. A ce albashinsa da alawus naira 250,000 ne a wata, wato miliyan 3 a shekara. Ninki uku ya zama miliyan 9. Sabon wuri ya ce zai ba shi 320,000, amma babu inshora. Ƙarin 70,000 ne a wata, 840,000 a shekara. Ko da bai taɓa ko sisi daga ƙarin ba, sai ya yi fiye da shekara goma yana ajiyewa kafin ya tara abin da inshorar za ta ba iyalinsa in ya mutu gobe. Autarsa kuwa tana aji uku a firamare. Miliyan 9 ba za ta riƙe gida har abada ba, tsadar kaya ma tana cinye darajarta, amma za ta iya biyan bashi, ta riƙe kuɗin haya da na makaranta har gwauruwa ta tsaya da ƙafarta.

Rashin bangaskiya ne?

A nan aikinmu na ainihi yake. Bari mu fara da Sarki Hezekiya a 2 Sarakuna 20 da Ishaya 38, domin shi ma mutum ne da ya tashi daga cutar ajali. Annabi Ishaya ya umarce shi ya shirya al'amuran gidansa gama mutuwa ta zo. Ya yi kuka, ya yi addu'a, Allah ya ƙara masa shekara 15. Mu lura da abu biyu. Na farko, Allahn da ya warkar da shi shi ne ya sa annabin ya ce a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Alherin Allah bai kori amfani da abin da ke hannu ba. Na biyu, shekara 15 aka ƙara masa, ba a ɗauke masa mutuwa ba. Warkarwa jinkiri ne mai daraja, lokaci ne da aka ba mutum, shirya gida kuwa yana cikin abin da zai yi da lokacin. Li'azaru ma da aka tashe shi daga kabari bai dawwama a duniyan nan ba.

Sai 2 Sarakuna 4, wurin da ya kamata kowane mai hidima ya karanta da rawar jiki. Matar ɗaya daga cikin ƙungiyar annabawa ta zo wurin Elisha tana kuka. Mijinta mai tsoron Allah ne, Elisha ma ya san haka, amma ya mutu ya bar bashi, mai binsa bashin kuma yana zuwa ya kwashe 'ya'yansa biyu su zama bayi. Mukan yi wa'azi a kan man da ya cika tukwane, daidai ne kuwa. Amma ba mu cika tsayawa mu tambayi yadda aka yi gidan bawan Allah ya shiga wannan hali ba. Allah ya cece ta da mu'ujiza. Nassin bai ce mana mu bar iyalanmu cikin irin halinta don mu ga ko zai maimaita ba. Wannan ya fi kama da gwada Ubangiji, abin da Yesu ya ƙi yi a kan ƙololuwar Haikali.

Za a kawo muku Matiyu 6, inda Ubangiji ya hana mu damuwa a kan gobe. Abin da ya hana shi ne alhinin da yake cin zuciya ya ture Allah daga kursiyinsa. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar bisa ga abin da Allah ya bayyana, ba a kira shi marar bangaskiya ba. Bulus kuma a 1 Timoti 5:8 ya yi magana mai zafi a kan wanda ba ya kula da mutanen gidansa, ya kuwa faɗe ta ne a tsakiyar koyarwa a kan gwauraye, da yadda kada a ɗora wa ikkilisiya nauyin da iyali za su iya ɗauka. Mutum zai iya riƙe inshora don tsoro, zai kuma iya riƙe ta don ƙauna. Takardar ɗaya ce. Aikin fasto shi ne ya taimake shi ya duba zuciyarsa, ba ya ce masa ya yar da takardar ba.

Haka na gaya wa dattijon. Na ce, "Ɗan'uwa, ba warkarwarka matarka take shakka ba. Ita ta kwana a ƙasa kusa da gadonka a asibiti, ta san abin da ta gani. Ka saurare ta."

Maganar fom

Akwai wata koyarwa da ta bazu cikin ikkilisiyoyinmu, cewa wanda Allah ya warkar kada ya ƙara ambaton cutar da bakinsa, don kada ya kira ta ta dawo. Na ga mai bi da ya kai wannan koyarwa har kan fom: aka tambaye shi ko ya taɓa yin wata babbar cuta, ya rubuta a'a, yana cewa shaidar bangaskiya ce. Ba shaida ba ce, ƙarya ce. Fom bai tambaye shi ko yana ciwo yau ba, tarihi ya tambaya. Da Yesu ya tsarkake kuturu a Markus 1, wurin firist ya aike shi a duba shi bisa ga Shari'ar Musa, wanda kuma ya je a duba shi dole ya faɗi abin da ya same shi a dā. Shaidar warkarwa ma ba ta da ma'ana in ba a ambaci cutar ba.

Ban da zunubin, akwai hasara. Alkawarin inshora a kan faɗin gaskiya yake tsaye. In mutum ya ɓoye cutar da aka tambaye shi, kamfanin zai iya ƙin biya bayan ya mutu, in takardun asibiti suka fito. Shi ya riga ya tafi. Gwauruwarsa ce za ta tsaya a ofis ana gaya mata mijinta ya yi ƙarya.

Amma faɗin gaskiya ba ya nufin mutum ya tona asirin jikinsa ga kowa. Ya amsa abin da aka tambaye shi daidai, ga wanda yake da hurumin tambaya. Dokar hana nuna bambanci ga masu HIV ta 2014 ta hana mai ba da aiki ya sa gwajin HIV ya zama sharaɗin ɗaukar mutum aiki, ya kamata masu bi su san wannan. Mu ma fastoci mu kame bakinmu. Abin da aka gaya mana a ofis kada ya fito a wa'azi da sunan misali, ko a taron addu'a da sunan roƙo, sai da izinin mai shi. Labarin da nake ba ku a nan ma na nemi izini, na kuma sauya abin da zai sa a gane shi.

In barin aikin ne ya fi

Kada ku fita daga wannan darasi kuna gaya wa kowa ya zauna inda yake. Inshora takan zama sarƙa. Wata 'yar'uwa mai ciwon zuciya ta yi ta aikin dare shekara da shekaru, likita yana ce mata ta daina, ita kuwa tana tsoron rasa abin da za a ba yaranta in ta mutu. Aikin da take riƙe da shi don inshorar shi ne yake matso da ranar biyan inshorar. Yaranta uwa suke bukata fiye da miliyoyi. Haka kuma wanda ake tilasta masa ya sa hannu a takardun ƙarya a wurin aiki, ba za mu ce ya ci gaba da ɓata lamirinsa don ninki uku na albashi ba.

Akwai kuma wanda zai ce Allah ya tashe shi daga gadon ciwo domin ya shiga aikin bishara, yana so ya ajiye aiki ya zo makarantar tauhidi. Mu da muke koyarwa a irin wannan makaranta muna da son rai a ciki, sai mu yi hattara. Kiran zai iya zama na gaskiya, in kuwa haka ne, a bi shi. Amma Ubangiji da kansa a Luka 14 ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. A zauna da matarsa, ba a bayan idonta ba. A duba bashin da ke kansa, da shekarun yaransa, da abin da ke asusun fanshonsa, da ko zai iya fara karatu yana riƙe da aikinsa. A tambayi kamfanin inshora fiye da ɗaya, domin wanda ya yi shekaru da warkewa wani kamfani zai iya karɓarsa ko da da ƙarin kuɗi, gara kuma ya nema tun yana bakin aiki. Alkawarin da mutum ya yi wa Allah cikin zafin ciwo abin girmamawa ne, amma matarsa da 'ya'yansa ba su sa hannu a kai ba, su kuwa za su ɗauki rabin nauyin.

Dattijon namu ya koma ya yi tambayoyin. Aka ce masa kwantiragin shekara ɗaya ne, babu inshora, babu fansho. Ya ƙi aikin, ransa ba daɗi, don ya gaji da doguwar tafiya kowace safiya. Kafin ya fita daga ofishina na tambaye shi sunan wa ya rubuta a fom ɗin inshorar wurin aikinsa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce sunan wansa ne, tun yana saurayi ya cika fom ɗin. Shekara 16 da aure bai canza ba. A dokar 2014 kamfanin inshora wanda aka rubuta sunansa yake biya. Kuɗin asusun fansho kuwa sai da wasiyya ko takardar izinin kula da gado daga kotu, abin da yakan ɗauki lokaci da kuɗi. Ku riƙa yi wa ma'aurata wannan tambaya tun a shawarar kafin aure, ku kuma tabbata matar ta san inda takardun suke.

Mu ma masu ba da aiki ne

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a gidan Allah. A 1744 aka kafa asusun gwaurayen fastoci a Ikkilisiyar Sikotlan, ta ƙoƙarin fastoci biyu na birnin Edinbara, Robert Wallace da Alexander Webster. Sun tattara bayani a kan yawan fastocin da suke mutuwa a shekara, da yawan gwaurayen da suke bari, suka yi lissafin abin da kowane fasto zai riƙa zubawa. A 1759 Firesbiteriyawa a Filadelfiya ta Amurka suka kafa irin wannan asusu, wanda ake lissafta shi kamfanin inshorar rai na farko a ƙasar. Abin da ya tura su shi ne abin da muke gani har yau: fasto ya mutu, an yi jana'iza mai kyau, bayan 'yan watanni an turo sabon fasto, gwauruwa ta kwashe kayanta daga gidan ikkilisiya.

Ɗarikunmu suna da makarantu da asibitoci da ofisoshi, da yawansu ma'aikatansu sun wuce 15 nesa ba kusa ba. Da wane baki za mu ce wa mai bi ya tambayi kamfaninsa takardar shaidar inshora, in malamin makarantarmu ko mai gadin asibitinmu ya tambaye mu ba mu da abin nunawa? Baiko na musamman ranar jana'iza abu ne mai kyau, amma ya dogara ga yawan waɗanda suka zo da kuma sunan mamacin. Mai bishara na ƙauye da ya yi shekara 30 yana hidima a ikkilisiya mai mutum 40, baikon jana'izarsa ba zai kai na fasto na birni ba. A cikin inshora ɗaya ta ɗarika kuwa, shi da fasto mai ciwon sukari da wanda aka yi wa aikin zuciya duk za su iya shiga tare da matasa masu lafiya. Duk wanda yake zama a majalisar gunduma ko kwamitin kuɗi a cikinku, ya sa wannan magana a ajandar zama na gaba, ya kuma nemi ma'aji ya zo da adadin ma'aikata da albashinsu, domin da su kamfanin inshora zai yanka farashi.